Babban Baƙo a Ƙaramin Gida

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai leƙa Ingila, wajen gasar cin Kofin FA, wadda tun 1871 ake buga ta, babu gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da ta girme ta a duniya. Mu da muke kallo a gidajen kallon ƙwallo mun saba da manyan filaye masu hawa-hawa, ciyawa kamar darduma. To amma duk shekara, idan an zo zagaye na uku da ake bugawa a watan Janairu, ana zuba manya da ƙanana ne a kwano ɗaya a jawo, wanda aka fara jawowa shi ne mai masauki. Ƙuri'a kuwa ba ta san mai kuɗi ba.

Haka ta faru ranar 12 ga Janairun 2025. Tottenham, mai filin da ke cin mutum sama da 62,000 a Landan, ta je baƙunta gidan Tamworth, wata ƙungiya ta rukuni na biyar a wani gari kusa da Birmingham, wadda yawancin 'yan wasanta suna da wata sana'ar da suke yi da rana. Waɗanda suka kalli wasan za su tuna an jinkirta take shi saboda raga ta ɓalle daga jikin ƙarfe. Babu tsani a kusa. Sai wani ɗan wasan Tamworth ya hau kafaɗar ɗan uwansa, aka miƙa masa salatif ya ɗaure ragar, 'yan wasan da aka sayo da miliyoyin fam suna tsaye cikin sanyi suna jira. Mutanen da suka shiga filin ranar ba su kai dubu huɗu ba.

Abin dariyar ke nan da kowa ya gani a talabijin. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne ciwon kan da shugabannin irin wannan ƙungiya ke shiga tun daren da aka jawo sunansu: ina za a ajiye magoya bayan baƙi?

Dokar gasar ta ba ƙungiyar da ta zo baƙunta damar karɓar har kashi 15 cikin ɗari na tikitin wasa. Wannan ya fi na Firimiya yalwa, inda kason baƙi yake kujeru 3,000, ko kashi 10 cikin ɗari idan filin bai kai 30,000 ba. Shi ya sa a wasan kofi za ka ga ƙaramar ƙungiya ta kwashi rabin garinsu ta cika kusurwa guda a Old Trafford ko Anfield. Amma juya lissafin. Filin da ke cin mutum 4,000, kason baƙinsa 600 ne kacal. Ƙungiyar da dubban mutane ke bin ta duk inda ta je, sai ka ce mata ga 600, ta je ta raba. Su kuma 'yan gida, waɗanda suka saba zuwa su ɗari bakwai ko dubu ranar Asabar ana ruwa ana iska, sai su wayi gari duk garin ya zama masoyin ƙungiya, kowa na neman tikiti, har wanda bai taɓa sanin hanyar filin ba.

Ba ma wannan ba. A ƙananan filayen Ingila, a ranakun da aka saba, ba a raba ɗan gida da baƙo. Ƙofa ɗaya ake shiga, wajen mai shayi ɗaya ake layi. Idan an tafi hutun rabin lokaci, sai ka ga magoya baya sun tashi sun yi musayar wuri, kowa ya koma bayan ragar da ƙungiyarsa za ta riƙa kai wa hari, suna giftawa ta gaban juna ana zolaya. Ranar babban wasa duk wannan ya ƙare. Dole a kafa shinge, a ware wa baƙi ƙofarsu, bandakinsu, wajen sayen abincinsu da inda motocinsu za su tsaya. Sau da yawa sai an bar wani zirin wuri babu kowa tsakanin ɓangarorin biyu, masu kula da 'yan kallo su jeru a ciki, kuma kowane taku na wannan zirin tikiti ne da ba za a sayar ba. Wanda ya taɓa yin biki a gidan da tsakar gidansa ba ta da faɗi ya san wannan lissafi: baƙo ba tabarma kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar buta, yana buƙatar makewayi, yana buƙatar hanyar fita ba tare da ya ratsa ta ɗakin matan gida ba.

Kuma ba ƙungiya ce ke yanke hukunci ita kaɗai ba. Akwai kwamitin da ƙaramar hukuma ke jagoranta, da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti a ciki, su ne ke duba filin su ce ga adadin da zai ɗauka. Yadda suke lissafin shi ne abin da nake so mai sauraro ya riƙe. Ba faɗin wuri kawai suke aunawa ba. Suna duba mutum nawa za su iya shiga cikin awa guda, nawa wurin zai riƙe, nawa za su iya fita bayan an tashi, nawa kuma za a iya kwashewa da gaggawa idan gobara ta tashi. Wanda ya fi ƙanƙanta cikin waɗannan, shi ne adadin filin. Ƙofar nan mai juyawa, wadda ke shigar da mutum ɗaya-ɗaya, ba a lissafa mata fiye da mutum 660 a awa. Ke nan idan ɓangaren baƙi ƙofa ɗaya gare shi, ko da faɗinsa ya kai filin idi, abin da ƙofar ta iya shi za a bayar.

Da jini aka koyi wannan ƙa'ida. Ranar 15 ga Afrilun 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield, an haɗa Liverpool da Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na wannan kofi. Filin ba ƙarami ba ne, amma magoya bayan Liverpool 10,100 masu tikitin tsayuwa, ƙofofi bakwai kawai aka ware musu. Raba ka gani: kowace ƙofa sai ta shigar da mutum sama da 1,400, aikin fiye da awa biyu. Jama'a suka cunkushe a waje, 'yan sanda suka ba da umarnin buɗe wata babbar ƙofar fita, mutane suka kwarara ta wani rami zuwa sassan tsakiya da tuni suka cika maƙil, ga shingen ƙarfe a gabansu. Rayuka 97 aka rasa sanadin wannan rana. Shekaru aka yi ana ɗora wa magoya baya laifi, sai a 2016 binciken kotu ya wanke su.

To idan gida ya yi wa baƙo kaɗan, me za a yi? Dabarun da aka gwada ba su da yawa, kuma kowace da tarihinta.

Akwai masu cewa a bar gidan. A Janairun 2003 ƙuri'a ta ba Farnborough, ita ma ta rukuni na biyar, damar karɓar Arsenal a gidanta. Sai aka mayar da wasan Highbury, gidan Arsenal a lokacin, bisa hujjar tsaro. Arsenal ta ci 5-1, Farnborough ta koma da aljihu cike, domin a wannan gasa kuɗin ƙofa kusan raba-daidai ake yi tsakanin ƙungiyoyin biyu bayan an cire kuɗin hidima. Surutu ya yi yawa har hukumar FA ta tsaurara doka, ta hana sauya fili don neman kuɗi. Ni dai ina ganin ta yi daidai. Ƙaramar ƙungiya ba ta da 'yan wasan da za su ja da na Arsenal, makaminta guda shi ne gidanta: matsattsen ɗakin sauya kaya, fili mai gangara, 'yan kallo a gab da layi har mai jifa yana jin numfashinsu a ƙeyarsa. Wanda ya sayar da wannan ya sayar da wasan tun kafin a busa usur.

Shekaru biyar kafin nan Stevenage, ita ma ta rukuni na biyar, ta nuna yadda ake tsayawa. A 1998 ƙuri'a ta ba ta karɓar Newcastle ta koci Kenny Dalglish, Newcastle ta turo mutanenta suka duba filin suka ce bai isa ba, a sauya. Stevenage ta ce babu inda za ta. FA ta goyi bayanta, aka ƙara dandamalin 'yan kallo na wucin gadi, aka buga. Alan Shearer ya fara ci, Giuliano Grazioli ya farke da ka, aka tashi ɗaya da ɗaya. Sai da aka je Newcastle aka sake kafin manya suka sha da ƙyar, 2-1.

Sai dai dandamalin wucin gadin nan shi ne wajen da kwaɗayi ke shigowa, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. A 1992 Bastia, ƙungiyar tsibirin Korsika da ke rukuni na biyu a Faransa, ta samu karɓar Marseille a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Faransa. Marseille a lokacin ita ce sarauniyar ƙasar. Filin Furiani ƙarami ne, shugabannin ƙungiya suka ga kasuwa ta buɗe. Aka rushe wata tsohuwar rumfa da ba ta cin ko mutum dubu, cikin 'yan kwanaki aka harhaɗa dandamalin ƙarfe mai cin kusan 10,000 a wurinta. Ranar 5 ga Mayu da yamma, tun kafin lokaci ya cika, jama'a na buga ƙafa suna waƙa, ƙarfe na rawa a ƙarƙashinsu. Mai sanarwa a lasifika, abokin sana'armu, ya riƙa roƙon mutane su daina buga ƙafa. Saura kamar minti goma a take wasa, saman dandamalin ya rufta. Mutum 19 suka rasu, sama da 2,300 suka jikkata, har da 'yan jaridar da aka ajiye can ƙololuwa. Ba a buga wasan ba, ba a ba kowa kofin ba a wannan shekara, kuma a 2021 Faransa ta yi dokar hana wasannin ƙwararru a duk ranar 5 ga Mayu. Stevenage da Bastia abu ɗaya suka yi a ido. Bambancin, ɗaya ta ƙara abin da filinta zai iya ɗauka, ɗaya kuma ta fara lissafa kuɗi sannan ta nemi inda za ta jera mutane.

An kuma taɓa gwada korar baƙin gaba ɗaya. Filin Luton Town, Kenilworth Road, a tsakiyar unguwa yake, har ma ƙofar baƙi ta cikin jerin gidajen mutane aka fasa ta: ka shiga kamar za ka zauren wani, ka hau matakalar ƙarfe kana hango bayan gidajen maƙwabta da shanyarsu, sannan ka ɓulla cikin fili. A Maris ɗin 1985 magoya bayan Millwall suka zo wasan Kofin FA da yawan da ya fi ƙarfin ɓangarensu, domin ba a taƙaita shiga ga masu tikitin da aka saya tun da wuri ba. Aka yi tarzoma, aka ɓalle kujeru ana jifan 'yan sanda. Luton ta fusata ta hana duk wani baƙo shiga filinta daga 1986, har tsawon kaka huɗu. Sakamakon farko da ta gani shi ne an kore ta daga gasar League Cup a shekarar, saboda ta ƙi ba magoya bayan Cardiff tikiti. Wasan kofi babu baƙi, miya ce babu gishiri. Rabin daɗin shi ne waƙar ɗari shidan can da aka matse a kusurwa, da amsar da 'yan gida ke mayar musu.

Mu koma Tamworth. Sun zauna a gidansu, sun ware wa baƙi gefensu, aka yi wasa lafiya aka tashi lafiya. Inda aka yi ta ƙorafi shi ne farashi, don tikitin babba ya kai wajen fam 40, ninkin abin da aka saba biya. Ba na yabon wannan, musamman ga tsohon da ya yi shekara talatin yana zuwa. Amma kafin a zage su, a duba abin da aka ƙwace musu. An cika minti 90 babu ci. A tsohuwar doka, da an sake wasan a Landan gaban mutum dubu sittin, su kwaso kason da zai riƙe ƙungiyar shekaru. Daga kakar 2024 zuwa 2025 aka soke sake wasa tun daga zagayen farko, don rage wa manya gajiya. Sai aka tafi ƙarin lokaci, Tottenham ta sako zaratanta daga benci ta ci 3-0. An ce wa ƙarami kada ya bar gidansa, kuma daidai ne, sannan an toshe masa hanya guda ta halal da yake bi ya kai gidan babba. A Faransa aƙalla akwai al'adar babbar ƙungiya ta bar wa ƙaramar kasonta na kuɗin ƙofa, kuma wadda ta ƙi sai ta sha kunya a jaridu. Ban ga abin da zai hana manyan Ingila koyi da hakan ba.

Magoya bayan Tottenham ɗin kansu sun taɓa yin irinta. A Janairun 2021 sun faɗa da Marine, ƙungiyar rukuni na takwas a gefen Liverpool, filin da gidajen mutane suka manne masa har an rubuta lambar kowane gida a jikin shinge, don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan ƙwallo ta faɗa ciki. Lokacin korona ne, ba a bar kowa ya shiga ba, sai maƙwabta da ke leƙe ta bayan gidajensu, ga José Mourinho, kocin Tottenham a lokacin, zaune a gabansu. Marine ta sa tikitin wasan da babu mai halarta a kasuwa, fam 10 kowane. An sayi sama da 30,000, kusan ninki goma na abin da filin ke ɗauka, kuma da yawa daga masu sayen 'yan Tottenham ne.

A nan za mu dasa aya. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.