Bi ko ƙari: lissafin hannun kadaran-kadahan a wasan poka

(An gabatar da wannan lacca a Garwa, gaban ɗaliban lissafi da wasu malamansu, aka rubuto ta daga rikodi.)

Assalamu alaikum. Malamaina da ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma. Tun da aka karanta kan maganar na ga dattawan da ke layin gaba sun ɗaure fuska, saboda haka bari in wanke kaina tukuna. Caca haramun ce, kuma ba ita na zo koyarwa ba. Abin da ke cikin kwanon nan gyaɗa ce, da ita za mu yi zubi, wanda kuma ya cinye tasa kafin a tashi, shi ya karya kansa. Sai dai ilimin yiwuwa da muke koyarwa a aji daga teburin 'yan wasa ya taso, domin wasiƙun da masanan lissafi Pascal da Fermat suka yi wa juna a 1654 a kan yadda za a raba zubin wasan da aka katse ne, daga baya kuma Borel a Faransa da von Neumann su ma masanan lissafi, duk sun zauna sun yi nazarin poka, wato wasan kartar da za mu yi magana a kai. Mun ɗauko lissafin, mun bar musu cacar.

Abubuwa 4 zan faɗa. Na farko ƙa'idar wasan, kuma zan yi sauri. Karta 52 ce. A nau'in holdem, wanda ya fito daga Teksas ta Amurka, ana ba kowa karta 2 a rufe, sannan a buɗe 5 a tsakiya waɗanda kowa yake da haƙƙi a kansu: 3 a tare, sai 1, sai kuma 1. Ana zagayen zubi sau 4. A irin wanda muke magana a kai, zubin ƙayyadadde ne: a zagaye biyun farko gyaɗa 1, a biyun ƙarshe gyaɗa 2, kuma galibi ƙari 3 ne iyaka a kowane zagaye. Idan wani ya zuba, zaɓinka uku ne: ka ajiye kartarka, ko ka bi shi da daidai abin da ya zuba, ko ka ƙara. Mai hannu mai ƙarfi ba ya shan wahalar zaɓi, haka ma mai hannun banza. Wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne mai kadaran-kadahan, misali an buɗe sarki da 9 da 4, kai kuma kana riƙe da 9 da as, kartar da ta fi kowace girma, wato kana da tagwayen 9, ka fi wasu, wasu sun fi ka.

Na biyu. Mutane suna zaton bi da ƙari tsani ɗaya ne, wai bi matakin ƙasa, ƙari matakin sama. Tambayoyi ne guda biyu daban. A ce an buɗe karta ta ƙarshe, tulin tsakiya ya kai gyaɗa 18 har da zubin abokin wasanka. Idan ka bi, ka sa 2 don ka ci 18, ke nan ko sau 1 cikin 10 kake cin nasara ba ka yi asara ba. Shi ya sa a wannan wasa ajiye hannu a zagayen ƙarshe yake da tsada idan tuli ya yi girma. Amma idan ka ƙara, waɗannan 18 ba su shiga lissafin ƙarin ba, tunda ko da bi kawai ka yi kana da rabonka a cikinsu. Ƙarin gyaɗa 2 da ka ɗora yana neman wasu 2 ne kacal, kuma daga hannun wanda ya yarda ya biya. To, wa zai biya? Wanda ka fi sau da yawa zai ajiye, wanda ya fi ka zai bi, ko ma ya sake ƙarawa. Dole ne ka fi shi fiye da rabin lokutan da ya bi ka, idan kuma akwai tsoron ya sake ƙarawa kai ma ka bi, asararka 4 ribarka 2, sai ma'aunin ya hau kusan sau 2 cikin 3. Tsakanin 1 cikin 10 da 2 cikin 3 akwai fili mai faɗi, a cikin wannan fili tagwayen 9 ɗinmu suke zaune, kuma hukuncinsu a zagayen ƙarshe bi ne.

To, ga inda na fi so, ku gyara zama. Kafin karta ta ƙarshe lamarin yana canzawa, domin akwai kartar da ba a buɗe ba tukuna, kuma farashin zubi yana ninkuwa a tsakiyar hanya. Wannan ninkuwar ita ce ƙofar da mai lissafi yake shiga.

A ce an buɗe ukun farko, biyu daga ciki masu alamar zuciya ne, kai ma biyun da ke hannunka masu zuciya ne. Kana da 4, kana neman ta 5 don ka cika 5 iri ɗaya, wanda hannu ne mai ƙarfi. Kowane iri karta 13 ne, ka ga 4, saura 9. Kartar da ba ka gani ba 47 ce, wato 52 a cire 2 naka da 3 na tsakiya. Damarka a karta mai zuwa 9 cikin 47, kusan kashi 19 cikin 100, idan kuma za ka ga biyun da suka rage duka, kusan kashi 35 cikin 100. Wanda bai yarda ba ya ninka 38 bisa 47 da 37 bisa 46, ya cire daga 1. Na ga wata ƙanwata a can baya ta riga ta ciro alƙalami, madalla, ki gaya mana idan na yi ƙarya.

Yanzu abokin wasanka ya zuba gyaɗa 1, kai ne kuma mai magana a bayansa. Ku riƙe wannan, kai ne na baya, domin dukan dabarar a nan ta rataya. Idan ka bi, ka biya 1, aka buɗe ta huɗu ba taka ba ce, ya sake zuba 2, ka biya, ka kashe 3 kafin ka ga ta ƙarshe. Idan kuwa ka ƙara tun farko, ka biya 2, shi kuma gabansa ya faɗi, yana zaton kana da babban abu, sai ya bi kawai. Aka buɗe ta huɗu, shi ne mai fara magana, sai ya ce ya wuce, yana jiran ka zuba. Idan kartarka ta zo, ka zuba 2 da farin ciki. Idan ba ta zo ba, kai ma ka ce ka wuce, a buɗe maka ta ƙarshe kyauta. Ka kashe 2 maimakon 3. Ka ƙara kuɗi, gafara dai, ka ƙara gyaɗa, don ka biya ƙasa da wanda ya yi tattali! Ranar da na fara fahimtar wannan ina ɗalibi, sai da na tashi na zagaya ɗaki. Ka sayi shirun mutum lokacin da zubi yake da araha, ka ci moriyarsa lokacin da ya yi tsada.

Amma fa kyautar nan tana da sharaɗi, kuma a nan masu gaggawa suke faɗawa rami. Idan mutumin mai zafin kai ne, ya mayar maka da ƙari, ka biya 3, aka buɗe ta huɗu ya zuba 2, ka kashe 5 a inda mai bi ya kashe 3. Idan ya bi sannan ya zuba duk da haka, ka kashe 4. A ƙidayar sama-sama, ribar dabarar gyaɗa 1 ce, asararta tana kaiwa 2, ko da yake wani kaso na abin da ka zuba yana dawo maka a lokutan da kartarka ta zo. Saboda haka sai ka san halin wanda ke gabanka. Da mutum mai sanyi dabarar tana ci, da mai zafi kuwa ka tsokano tsuliyar dodo. Idan kuma kai ne mai fara magana, ka manta da ita gaba ɗaya, domin idan ka ce ka wuce, shi ne zai yanke ko a biya ko a bari. Na maimaita, sai kana baya.

Akwai kuma wani abu a cikin wannan hannun. Idan ku biyu ne, kowace gyaɗa da ka ɗora tana haɗuwa da tasa su zama 2, rabonka kashi 35 cikin 100 na 2, wato 0.7, ka yi asarar kaɗan. Idan ku uku ne, rabonka 1.05, kunnen doki ke nan. Idan ku huɗu ne kuma kowa zai bi, rabonka 1.4 a kan kowace 1. A nan ƙari riba ne kai tsaye, ko an ba ka kyauta ko ba a ba ka ba, alhali a wannan lokacin ba ka da ko tagwaye a hannu.

Na uku, ko na huɗu muke? An ce na uku ya wuce, to shi ke nan. Wannan ƙari ne don korar mutum na uku. Mu koma kan tagwayen 9. Tuli yana da 6, na damanka ya zuba 1, akwai wani a bayanka. Idan ka bi, na bayan zai biya 1 don 8. Idan yana da karta 6 da za su cece shi, 41 a kan 6 ke nan, kusan 7 da 1, biyansa daidai ne. Idan ka ƙara, zai biya 2 don 9, wato 4 da rabi da 1, sai ya zama ko ya ajiye ko ya yi kuskure. Idan tuli ya girma, wannan ya isa dalili ko da ba ka tabbata ka fi mai zubin farko ba. Lokaci ya tafi, ga kuma hannu a sama. Bismillah, Malam.

(Wani malami ya tambaya: idan kullum mutum yana ƙarawa da irin wannan hannu, ai abokan wasa za su gane shi, dabarar ta mutu.)

Allah ya ƙara sani, Malam, ka taɓo jijiyar. Za su gane, kuma maganinsa shi ne abin da von Neumann ya kafa hujjarsa a 1928: mai wasa da abokin hamayya mai wayo dole ya gauraya zaɓinsa, hannu ɗaya wani lokaci ya bi da shi, wani lokaci ya ƙara, bisa wani kaso, kuma ya riƙa ƙarawa da hannu mai ƙarfi a daidai wurin da yake ƙarawa da mai jiran karta, don kada a bambance su. An ma gwada wannan da kwamfuta. A watan Janairun 2015 masu bincike na Jami'ar Alberta a Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka bayyana a mujallar Science cewa manhajarsu Cepheus ta kusan warware wannan wasa na mutum biyu mai ƙayyadadden zubi, bayan ta shafe fiye da wata 2 tana wasa da kanta, har ta kai mutum zai ƙare rayuwarsa yana karawa da ita bai iya nuna ta gaza ba. Abin da ta nuna ya shafi laccarmu kai tsaye. Idan ita ce mai raba karta, a maganarta ta farko da wuya ta bi kawai, ko ta ƙara ko ta ajiye. Amma idan aka mayar mata da ƙari a wannan zagaye, kusan ba ta taɓa yin ƙarin ƙarshe, ko da as biyu take riƙe da su, waɗanda babu hannun farko da ya fi su. Sai ta bi, ta ɓoye ƙarfinta a cikin sauran hannuwan da take bi da su. Ku lura dai, wannan na mutum biyu ne, lissafin korar na uku da na yi ɗazu ba ya cikinsa.

Na ji an fara kiran magariba. Ƙanwata mai alƙalami, nawa kika samu? Ta ce 0.3497. To, a mayar da kwanon gyaɗar gaba, na ga ya ragu sosai tun ba a raba karta ko ɗaya ba.