Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Taron Tunawa da Zaɓen Gwamnan Kano na 1979

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe babban baƙonmu, iyayen ƙasa, malamai, iyayenmu mata da matasa, barkanku da zuwa. Baba, sannu da hanya, Allah ya saka da alheri.

Mun gayyace ka ne saboda kana cikin waɗanda suka bi ƙauye ƙauye da tutar jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi a 1979, ana kiran "Nasara!" Yawancin yaran da ke zaune a nan ba a haife su ba. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, daga Audu Baƙo zuwa waɗanda suka biyo shi, naɗo mana gwamna ake yi. Sai a watan Yulin 1979 talaka ya zaɓa da hannunsa, tun Jigawa tana cikin Kano, ya ɗora ɗan Sumaila, Muhammadu Abubakar Rimi, mai shekara 39, a ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Kano. Mata ma sun fito, har da mahaifiyata, da goyo a bayanta.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa ba ma mantawa da wannan ƙuri'a shi ne haraji. Na tashi na ga mahaifina yana ninke takardar haraji ya cusa a cikin hularsa, don kada a tare shi a hanyar kasuwa. Na ga shekarar da aka sayar da akuyar gidanmu aka biya. Wasu magidanta da kaka ta yi sai su bar gari, Fulani kuwa su kora shanu daji saboda jangali. Rimi ya karɓi mulki ranar 1 ga Oktoba, ya soke su duka biyun. Daga baya aka kafa hukumar yaƙi da jahilci, tsofaffi suka koyi rubuta sunansu.

Mun san jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, kuma har yau abin yana yi mana ciwo. Muna roƙo ka ba matasanmu labarin duka, da daɗin da ɗacin, daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Baba, ga ruwa, ga abin magana. Bismillah.