Birkin bakin bindiga ba ya kashe ƙara

Salamu alaikum, jama'ar Aboabo da Asawase da duk inda kuke kallonmu. Kwanan nan wani bidiyo yana ta yawo a WhatsApp, an nuna wani ƙarfe mai ramuka a bakin bindiga, ana cewa wai shi ne ke sa harbi ba ya ƙara. To, ku ajiye wannan maganar. Birkin bakin bindiga ne, kuma ƙara wa kunne wahala yake yi.

Ku dubi nan, mun rage gudun hoton. Abu biyu ne ke sa bindiga ta daki kafaɗa: fitar harsashi, da iskar albarushi mai zafi da ke bin bayansa. Na farkon babu yadda za a yi da shi. Na biyun shi ne aikin birki. Iskar tana fitowa, sai ta ci karo da waɗannan bangayen, ta fice ta gefe, har ta ɗan ja bindigar gaba. Kafaɗa ta samu sauƙi.

Amma ina iskar ta nufa? Da can gaba take yi, nesa da kai. Yanzu ga ta a kusa da kunnenka, ga ta a fuskar wanda ke tsaye gefenka. Ku kalli ƙurar nan yadda ta tashi. Harbin babbar bindiga dama ya haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, inda harbi ɗaya tak yana iya lalata ji har abada. Ka ɗora birki kuma babu abin toshe kunne? Haba malam. Karen farautarka ma ba zai gode maka ba.

Zaɓin birki kuwa, a taƙaice. Ramin birkin ya dace da girman harsashi, haƙoran murɗawa su dace da bakin bindigar: bindiga mai cin harsashin .223 galibi awon haƙoranta 1/2-28 ne, mai .308 kuwa 5/8-24. Idan birkin ya karkace, harsashi zai iya dukansa, don haka aikin ƙwararre ne. Ina girmama masu walda na Suame Magazine, amma wannan ba salansar mota ba ce.

Ra'ayina? Birki ya fi amfani ga harsashi mai albarushi da yawa, irin .300 Winchester Magnum. Mafarautanmu na nan galibi bindigar gej 12, mai watsa ƙananan harsasai, suke riƙewa, ita kuwa amfanin da zai yi mata kaɗan ne. Gara ka sa roba mai laushi a gindinta, ka kuma matse ta sosai a kafaɗa.

Kafin ka sauya komai a jikin bindiga mai lasisi, fara tuntuɓar ofishin 'yan sanda da ya yi mata rajista.