Darasi: Yadda ake lalubo tsohuwar waƙa da baitocinta a intanet

Malam: Assalamu alaikum masu saurare, na Gadarif da Kasala, na Maiurno har Bur Sudan. Hajiya, kukan da aka fi kawowa ɗaya ne: mutum na da waƙa a bakinsa, ya nema a waya, babu ita babu dalilinta.

Hajiya: Ai Malam suna yake nema, ita kuwa waƙar baka ba a raɗa mata suna. Masu kaset ne ke rubuta abin da suka ga dama a jikin kwali. Abin da ba ya sauyawa shi ne gindin waƙa, layin nan da 'yan amshi ke maimaitawa. Ka tsinci kalma uku ko huɗu daga ciki, ka haɗa da sunan makaɗin, ka sa a YouTube. In ba ka san makaɗin ba, sa sunan wanda aka yi wa waƙar, ko sarautarsa da garinsa.

Malam: Sai batun rubutu, nan ne ake yawan tuntuɓe.

Hajiya: Ƙwarai. Yawancin masu ɗora waƙoƙin ba sa amfani da ƙ da ɗ da ɓ. Fara da "waka" kafin "waƙa", "Dankwairo" kafin "Ɗanƙwairo". Barmani ta Funtuwa, wasu Choge suke rubutawa, wasu Coge. Gwada duka biyun. In ka rubuta da harufan Larabci, na nan Sudan ne za su fi fitowa, galibi na wajen biki. Na Nijar kuma sai ka bi rubutun Faransanci, "haoussa". Da wannan kalmar ake bincika taskar sauti ta CREM da ke Faransa, inda aka adana tsofaffin ɗauka na Afirka ta Yamma.

Malam: Kada kuma a wahalar da kai da Shazam, manhajar nan ta waya mai sauraron waƙa ta faɗi sunanta. Abin da aka yi wa rajista a kasuwar waƙa yake ganewa, kaset ɗin da aka naɗa a gidan suna bai san da zamansa ba. Kunne ya fi shi: kalangu ka ji, nemi ɓangaren Shata, kuntigi na Ɗan Maraya Jos ne, kotso ya kai ka ga Ɗanƙwairo da Narambaɗa, ƙwarya kuwa amada ce ta mata.

Hajiya: Baitoci fa, kaɗan ne aka rubuta, waɗanda aka rubutan ma da kurakurai. Mafi inganci na cikin kundayen ɗaliban Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, can ƙarshen kundi, wajen rataye. Ƙara kalmar "nazari" da "pdf" a bincikenka. In babu, kai za ka rubuta. Rage saurin bidiyon zuwa 0.75, sa abin kunne, rubuta gindin sau ɗaya, sannan ka bi ɗiyan waƙar, wato baitocinta, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka sauka zuwa 0.5, wasulan sai su ja, doguwa da gajera su rikice, ma'ana ta tafi. Kuma makaɗan Sakkwato da Zamfara, in ka ji "shina" ko "hwaɗi", bar su yadda suke, kada ka mayar da su Kananci.

Malam: Karin waƙar fa? Wani sai ya ji murya ta yi siriri.

Hajiya: Kaset ne ya yi gudu lokacin da ake kwafa. Nemo ɗauka ta biyu ka gwada. Wadda kiɗan ya zauna daidai, ita za ka koya. Waƙoƙin gaɗa da na niƙa da na reno kuma su ne suka fi wuya, don ba a cika naɗar su ba. Rera abin da ka tuna a saƙon murya na WhatsApp, ka tura wa goggo ko kaka, ta cike maka giɓin.

Malam: Ga mai raunin shabaka, rage ingancin hoton bidiyon zuwa 144p, tunda sauti kake so. In fayil ɗin sauti ne mai ingancin 64 kbps, waƙar minti 20 ba ta wuce mega 10 ba. Ka rubuta masa sunan makaɗi da gindin waƙar kafin ka ajiye.