In An Tuhume Ka Da Dukan Iyali: Abin Da Ke Kare Mutum A Kotu Da Abin Da Ke Nutsar Da Shi

(An kwafo daga rikodin laccar da wani lauya ya gabatar a taron magidanta a Abuja)

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu, 'yan uwa maza da mata, ina fatan na baya kuna jina.

Toh bari in fara da wanke kaina, ban zo koya wa kowa yadda zai lakaɗa wa matarsa duka ya sha ba. Amma doka ta ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 kenan, kuma mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar ba kai za ka wanke kanka ba, tabbatarwar da ba ta bar kokwanto mai ma'ana ba. Wannan haƙƙin na miji ne kuma na mata ne, don mata ma ana gurfanar da su.

A nan Abuja dokar da ake yawan caji da ita ita ce VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, wadda Jonathan ya sa wa hannu a 2015, jihohi da yawa sun yi tasu daga baya. Sashe na 19 dukan miji ko mata, ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba ko duka biyun. Sashe na 9 korar abokin aure daga gida da ƙarfi, har shekara 2. Sashe na 14 kuwa zagi da muzantawa da gallazawa ta baki, har shekara 1. Na ga wasu suna kallon juna, eh wallahi har baki.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Yawancin shari'un nan ba a kotu ake faɗuwa ba, a caji ofis ake faɗuwa, ranar farko. Mutum zai shiga da zafin kai yana huci, IPO, wato ɗan sandan da ke binciken ƙarar, ya ajiye masa takarda da biro ya ce Alhaji faɗi abin da ya faru kawai mu sasanta ku ku tafi gida, shi kuma gogan naka sai ya buɗe baki, ai mari ɗaya ne kawai na yi mata, ai ita ta fara zagin mahaifiyata, ai matata ce. Shikenan, ka amsa laifi da bakinka ka dangwala hannu. Mari ɗayan nan shi ne laifin ai! Wani ma da Hausa ya yi bayani aka rubuta da Turanci, ba a karanta masa ba ya sa hannu, sai a kotu ya ji abin da "ya faɗa". Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tafiyar da shari'ar laifuka, ta ba ka damar yin shiru har lauyanka ya zo, sashe na 17 ya ce ana iya ɗaukar jawabinka a gaban lauyan da ka zaɓa, in ba ka jin Turanci a kawo tafinta ya karanta maka, shi ma ya sa hannu. In kuma da duka ko barazana aka karɓi jawabin, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓa, amma sai lauyanka ya yi magana a daidai lokacin da aka miƙa takardar, ba bayan an wuce wurin ba.

Kuma don Allah, an zo ba a same ka ba aka kama ƙaninka, wannan haramun ne a sashe na 7 na ACJA, amma kai ma guduwar ba ta yi maka amfani, beli take ɓata maka.

Toh mene ne kariyar gaske? Ba su da yawa. Akwai ba ni ba ne, ba na nan ma. In haka ne tun a jawabin farko za ka faɗa dalla-dalla, ina Zariya ranar, wajen wane, ga rasit ɗin mai, ga alat ɗin banki, don 'yan sanda su bincika. In ka ɓoye sai a kotu ka fito da ita alƙali zai ɗauka ƙirƙira ce. Akwai kare kai, Penal Code, wato dokar laifuka ta Arewa, ta yarda da shi, amma da sharaɗi, kar ka wuce abin da ake buƙata don tsare kanka. Ta ɗauko taɓarya ka riƙe hannunta ka ƙwace, wannan daban, ka ƙwace kuma ka bi ta da ita har tsakar gida, wannan ya zama ramuwa. Akwai tsautsayi. Sai kuma raunin hujjar masu ƙara, a nan lauya ke aikinsa, ya ɗora takardar likita kusa da jawabin mai ƙorafi ya ga ko sun dace, an ce an doke ta ran Litinin likita ya rubuta ciwon ya kwana biyar, maƙwabcin da ya ce ya gani ashe ta katanga ya ji ihu. Saƙonnin WhatsApp ma hujja ne ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida, don haka kar ka goge komai, gogewar kanta abin zargi ce.

Wani zai ce Barista ai akwai sashe na 55 na Penal Code da ya ce miji na iya ladabtar da matarsa. Eh yana nan, 55(1)(d), da sharaɗin al'adarsu ta yarda kuma ba a yi mummunan rauni ba. Ni dai ra'ayina sashen nan abin kunya ne, kuma in da VAPP aka caje ka ba zan ɗora shari'arka a kansa ba. Tunzurawa ma haka, a shari'ar kisa tana iya rage nauyin laifi, ba ta wanke mutum.

Kar kuma ku ce ai ba wanda ya gani. Kun tuna Maryam Sanda, mijinta Bilyaminu Bello ya rasu a Nuwamba 2017, ta ce faɗuwa ya yi kan fasasshen tulun shisha, ba wanda ya ga lokacin da aka soke shi, amma a Janairu 2020 Mai shari'a Yusuf Halilu ya yanke mata hukuncin kisa bisa hujjojin da suka kewaye lamarin, ita ce ta ƙarshe da aka gani tare da shi, bayaninta kuma bai gamsar da kotu ba.

Sai babbar matsalarmu, dangi. Ana ba da beli sai a yi gayya, baffa da gwaggo da mai unguwa a cika falon surukai, yarinya ki janye kar ki tona mana asiri. Wani ma ya kira ta da dare, in ba ki janye ba sai dai ki ga takardarki. Ta yi rikodin, gobe yana gaban alƙali, an soke beli an ƙara maka sabon caji. In kotu ta ba da odar kariya ta ce kar ka kusance ta, toh ko ita ta kira ka ta ce zo ka ga yara, kar ka je, ka bi ta lauya. Kuma janyewar ba a hannunta kaɗai take ba, in magana ta shiga kotu ta zama ta hukuma, har tilasta mata ba da shaida ana iya yi a irin wannan laifin. Sulhu alheri ne, amma a yi shi da sanin kotu.

In kuwa ka san ka aikata, faɗa wa lauyanka gaskiya, sirrinka ne ba zai fitar ba. Sashe na 270 na ACJA ya ba da damar a zauna da mai gabatar da ƙara a amsa laifi a nemi sassauci, har da biyan kuɗin magani da diyya, sau da yawa wannan ya fi maka musun da takardar likita za ta rushe cikin minti biyar. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, kyauta ne ga marasa hali, mata kuma akwai FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata. Shugaban taro yana nuna min agogo, mai tambaya ya ɗaga hannu, a fara daga ɓangaren mata.