Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Minista da Halin da Gidansa Ke Ciki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin amsoshin tambayoyinku daga nan Kaduna. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan aikin minista da yadda gidansa ke kasancewa, saboda haka muka gayyato wani dattijo da ya daɗe yana aikin gwamnatin tarayya har ya yi ritaya yana darakta, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Lokaci kaɗan ne, wasiƙu kuwa tuli, don haka wanda aka taƙaita wa amsa sai ya yi haƙuri.

Wasiƙar farko daga Tudun Wada take, mai ita yana tambaya ko dole ne kowace jiha ta sami minista. Dole ne, malam. Sashe na 147 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla mutum ɗaya ɗan asalin kowace jiha, bayan majalisar dattawa ta tantance shi, kuma tun gyaran da aka yi a 2023 kwana 60 kawai yake da su bayan rantsuwa ya miƙa sunaye, don kada a maimaita irin jiran 2015, lokacin da sai a watan Nuwamba aka rantsar da ministoci.

Wata ɗaliba daga Kawo tana so ta san ko ƙaramin minista yana iya zama babba. Yana iyawa, 'yata, kuma misalin a gida yake: Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, 'yar jihar nan, ta fara ne da ƙaramar minista a ma'aikatar kasafin kuɗi da tsare-tsare a 2015, sannan ta zama ministar kuɗi a 2018, ta riƙe kujerar har 2023. Amma ki riƙa gyara rubutunki, don sai da muka taru mu uku kafin mu karanta wasiƙar nan.

Wani malamin makaranta daga Barnawa ya rubuto cewa shi dai a talabijin yake ganin ministoci suna yanke ƙyalle suna ɗaukar hoto, to mene ne ainihin aikinsu daga safe zuwa dare? Baba, wannan taka ce, ranka ya daɗe.

"To, ɗana, ai kafin a zo nan sai an tuna cewa a garin nan aka fara sanin minista a Arewa. Zamanin Sardauna, irin su Makaman Bida a ma'aikatar kuɗi da Alhaji Isa Kaita a ilimi, 'yan majalisa ne, suna zama a Lugard Hall ana yi musu tambaya ido da ido. Yanzu kuwa ɗan majalisar da aka ba minista, da ya yi rantsuwa kujerarsa ta majalisa ta faɗi. Mu da muka taso muna jin labarin mutanen farko, sai mu ga kamar..."

Baba, a gafarce ni, malamin yana tambayar wunin minista ne na yau.

"Ina zuwa, ai gaggawa aikin shaiɗan ce. Wuninsa takarda ce da mutane. Da safe babban sakatare zai shigo masa da fayiloli, domin babban sakataren nan shi ne ma'aikacin dindindin da ke amsa tambaya a kan kuɗin ma'aikata, shi kuwa minista baƙo ne, yau yana nan gobe an sauya shi. Daga nan sai shugabannin hukumomin da ke ƙarƙashinsa, sai jakadu, sai 'yan ƙungiyar ƙwadago masu barazanar yajin aiki. Babban abin da ke hana shi barci shi ne takardar da zai gabatar a majalisar zartarwa ta tarayya, wadda a zamanin Buhari take zama ranar Laraba a fadar shugaban ƙasa, gwamnatin Tinubu ta mayar da ita Litinin a 2023, domin duk wata babbar kwangila ko sabuwar manufa sai ta bi ta nan, kuma abokan aikinsa suna iya yi wa takardar kaca-kaca a gaban shugaba. Ga majalisar dokoki, wadda doka ta ba ta ikon kiransa ya yi bayani, balle lokacin kare kasafin kuɗi. Na ga ministan da ya wuni a gaban kwamiti bai ci komai ba sai goro. Yanke ƙyallen da malam ke gani, shi ne hutunsu."

Madalla. Yanzu sai tambayar da ta fi yawa, domin wasiƙu da dama, daga Rigasa da Zariya da Kafanchan, duk abu ɗaya suke faɗa da baki daban-daban. Na zaɓi ta wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi, wadda ta ce ƙanen mijinta ya taɓa riƙe wannan muƙami. Ta ce tun daga ranar da aka rantsar da shi ya daina ɗaukar wayar dangi, ya kasa sama wa ɗanta aiki ko na masinja, matarsa kuma da suke cin tuwo a kwano ɗaya ta koma sai an nemi izini kafin a gan ta. Tambayarta ita ce, kujerar ce ke sauya mutum da iyalinsa, ko kuwa dama can halinsu ke nan?

Hajiya, bari mu fara da abin da doka ta ce, kuma ina so kowa ya kasa kunne. Kafin minista ya kama aiki sai ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, har da na 'ya'yansa ƙanana da ba su yi aure ba. Ba a yarda ya ajiye asusu a bankin ƙasar waje ba. Ba a yarda ya tafiyar da wani kasuwanci na kansa ba, in ban da noma. Zan maimaita: in ban da noma. Kyauta kuma ba ya karɓa sai ta dangi da abokai na ƙut da ƙut, gwargwadon abin da al'ada ta sani. Tsurar albashinsa a takarda kaɗan ya haura naira miliyan 2 a shekara, sauran duk alawus ne, domin tun tsarin da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003 aka mayar da yawancin gatan gida da makamantansa zuwa kuɗi. Ɗaukar ma'aikata kuma a ƙa'ida aikin hukumar kula da ma'aikatan tarayya ne, tare da la'akari da rabon daidai tsakanin jihohi. Ke nan ɗan da kike so a ɗauka, idan aka ɗauke shi da sa hannun kawunsa kawai, an taka doka. Na sake faɗa, ba rowa ba ce kullum, wani lokaci doka ce.

To, ki ɗora wannan a kan abin da muke yi wa mutumin da Allah ya ɗaga a cikinmu. Baba, kai ka ga gidajensu.

"Na gani, ɗana. Minista ɗan Kaduna ma ya fi shan wuya, domin Abuja kusa take. Tun da aka buɗe jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa a 2016, mutum zai yi sallar asuba a nan, kafin azahar yana ƙofar ofis da takardar asibiti a hannu. Shi kuma idan ya zo gida ranar Juma'a don ya ga iyali, kafin ya cire hula zaure ya cika: mai neman kuɗin makaranta, mai aurar da 'ya, shugabannin jam'iyya na mazaɓa, masu neman kujerar Makka. Ita uwargida ita ce ke ɗora tukunyar mutum ɗari, ita ce kuma ake bi ta bayan gida a ba ta takardar neman kwangila ta ajiye masa a ɗaki. Idan ta karɓa ta jawo masa magana, idan ta ƙi a ce ta yi girman kai. Akwai wanda na yi aiki da shi, yarinyarsa ƙarama ta aiko masa da wasiƙa ta hannun direba tana neman ya ba ta lokacin ganawa, tun da ta lura sai da takarda ake ganinsa. Ya karanta a gabana, ya daɗe bai ce komai ba. Amma ita hanyar mota, a gaskiya, ya kamata a ce an gama ta tuntuni, domin..."

Baba, maganar hanya sai wani makon. Ra'ayina ni, Hajiya, laifin ya rabu biyu. Mu jama'a, da bakin da muke zagin ɓarayin gwamnati, da shi muke cewa wane ya yi minista shekara huɗu bai tsinana wa danginsa komai ba, alhali mun san albashin nan ba zai ɗauki gari guda ba, kuma kowa ya san inda za a samo cikon. Amma ba zan wanke ƙanen mijinki tas ba. Ƙin ba da aiki daban, ƙin ɗaukar waya daban. Babu sashen kundin tsarin mulki da ya hana mutum gaishe da yayansa ko zuwa ta'aziyya, kuma wanda ya sami lokacin halartar ɗaurin auren 'ya'yan manya a kowace Asabar ba zai ce zumunci ne ya gagare shi ba. Ita kuma matar tasa, ki gwada zuwa wurinta hannu rabbana, ba takarda ba buƙata, ki ga ko ƙofar za ta buɗe. Idan ba ta buɗe ba, to kin sami amsar rabin tambayarki ta biyu.

Saura minti ɗaya. Wani direba daga Kakuri yana tambaya ko ana iya gurfanar da minista a kotu yana kan mulki. Ana iyawa, domin rigar kariyar da ke sashe na 308 ta shugaban ƙasa ce da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu kaɗai. Mai tambaya daga Kafanchan kuma yana so ya san ko minista zai iya neman takara yana kan kujera: dokar zaɓe ta 2022 ta hana mai riƙe da muƙamin siyasa shiga zaɓen fid da gwani, shi ya sa irin su Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio suka ajiye aiki a watan Mayun shekarar.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo. Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Wasiƙun da suka rage a kan kwamishinonin jiha za mu ɗauke su a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.