Kama da Wane Ba ta Wane: Kumburin Ƙashi da Abin da Madubi ke Gani

Wannan lacca ce da wani likitan binciken nama ya gabatar a garin Tawa, gaban ma'aikatan lafiya da maɗora da iyayen yara. An kwafo ta daga abin da aka naɗa, an rage maimaici kawai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena dattawa, sarakunan ɗori da nake gani a sahun gaba, majo-majo da sauran abokan aiki, iyaye mata da ke can baya, ina gaishe ku, ina muku ban gajiya. Allah ya saka muku da alheri da kuka baro ayyukanku cikin wannan rana.

Da yawanku ba ku taɓa haɗuwa da irina a asibiti ba, domin mu ba ma ganin maras lafiya ido da ido. Abin da ke iso mu ɗan guntun nama ne ko na ƙashi a cikin kwalba, wani lokaci bai wuce ƙwayar wake ba. A kan wannan ɗan guntun za mu rubuta suna, kuma sunan da muka rubuta shi zai sa a yanke ƙafar yaro ko a bar masa abarsa. Shi ya sa na taso daga Yamai na zo in yi magana da ku, don aikina ba ya kyau sai naku ya yi kyau.

Bari in fara da wani yaro. Shekararsa 15, ɗan kolej, dogo, yana cikin tashen girma. Ya faɗi wajen ƙwallo, gwiwa ta ɗan kumbura, aka ce targaɗe ne. Aka ja, aka shafa man shanu, aka ɗaure. Wata guda ciwo bai tafi ba. Uwarsa ta ce abin da ya fi damunta shi ne dare: da rana yana ɗingishi yana harkarsa, amma da an kwanta sai kuka, har maƙwabta na ji. Aka sake komawa wajen ɗori, aka murza da ƙarfi. Kumburi ya ƙaru, fata ta yi sheƙi, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a kanta, sai aka ce ruwa ne ya taru, aka kira wanzami ya yi sakiya. Ruwa bai fito ba, jini ne ya fito, ramin kuma bai sake rufewa ba. Sai bayan wata bakwai aka kai shi asibiti. Ranar da na ɗora namansa a madubi, wato na'urarmu mai girmama abin da ido ba ya gani, ban yi minti biyu ba na gane abin da ke nan. Radiyon ƙirjinsa kuwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, ya riga ya nuna ɗigo-ɗigo a huhu biyu, alamar ciwon ya bazu. Allah ya jiƙansa. Ban ga wanda bai so yaron nan ba a cikin duk waɗanda suka taɓa shi. Sunan ciwon ne kawai ba wanda ya sani.

Mu kan ɗauki ƙashi kamar busasshen icce, alhali abu ne mai rai, yana da jini da jijiya da ɓargo. Babban mutum yana da ƙashi 206, kuma a cikin kowane ɗaya akwai ma'aikata iri biyu da ba sa hutawa. Wasu magina ne, muna ce musu osteyobulas, wasu kuma masu rushe tsohon gini, osteyokulas. Kamar yadda ake yi wa ɗakin ƙasa yaɓe kowace shekara kafin damina, haka jiki ke yi wa ƙashi, har a cikin shekara 10 kusan dukkan ƙasusuwan mutum sun sabunta. A jikin matashi, inda ginin ya fi sauri shi ne kusa da gwiwa, wato ƙarshen ƙashin cinya da farkon ƙashin ƙauri, sai kuma saman damtse kusa da kafaɗa. Inda magina suka fi gaggawa, nan kuskure ya fi faruwa. Idan ɗaya daga cikinsu ya lalace ya shiga hayayyafa ba tsayawa, yana zuba ɗanyen ƙashi ba tsari, shi ne ciwon dajin da muke kira osteyosarkom. Ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi fitowa daidai waɗannan wurare.

Shi ne ciwon yaron da na ba ku labari. Ku riƙe wannan da kyau: faɗuwar ba ita ta kawo ciwon ba. Ciwon yana nan, faɗuwar ce ta sa aka lura da shi. Kuma ba sammu ba ne, ba abincin zamani ba ne. Waɗanda suka taɓa shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai sun ga ƙasusuwan manyan dabbobin nan na da, dinozor, da aka tono a arewacin ƙasarmu. To a 2020 masu bincike a Kanada sun yanka ƙashin ƙafar wani dinozor na can ƙasarsu, wanda ya rayu sama da shekara miliyan 70 da suka wuce, suka duba shi da sikana da madubi kamar yadda ake duba na mutum, suka tarar da wannan osteyosarkom ɗin.

Yanzu ga inda wahalar take. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma ban san wurin da maganar nan ta fi zama daidai ba kamar kumburin ƙashi. Yaro ya zo da zazzaɓi da ƙafa mai zafi da kumburi. Yawanci ƙwayar cuta ce ta shiga ɓargo, ta tara mugunya, musamman ga masu amosanin jini, emasi, waɗanda ƙashinsu ke saurin kamuwa. Amma akwai wani daji da ke zuwa da wannan kamar sak, har da zazzaɓin, har in an tsaga a ga abu mai kama da mugunya. Wani likitan Amurka, James Ewing, shi ya bayyana shi a 1921, ake kiransa da sunansa. A radiyo za ka ga ƙashin ya yi ɓawo a kan ɓawo kamar albasar Galmi, sai dai ciwon ɓargon ma yana iya yin hakan. Na ga yaran da suka sha maganin ƙwayoyin cuta wata uku ana jiran sauƙi, alhali Ewing ne. Don haka ƙa'idarmu ita ce, duk wanda ya tsaga ƙashi don fitar da mugunya, ya ɗebo nama ya aiko, ko da ya tabbata mugunya ce.

Dattijo kuma da bayansa ke ciwo har ya fara doro, yana iya zama tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, wanda Percivall Pott ya bayyana tun 1779, kuma yana warkewa da maganin tibi. Yana iya zama daji ne daga wani wuri ya sauka a ƙashi. Bayan shekara 40, wannan ya fi dajin ƙashin kansa yawa nesa ba kusa ba: daga nono, daga furostat da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, daga huhu, ƙoda, ko ƙullutun maƙogwaro. Matar da cinyarta ta karye tana tashi daga tabarma, ba faɗuwa ba buguwa, a duba nononta kafin a ɗora ta. Akwai kuma kumburin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai girma cikin makonni, mai ban tsoro a ido, amma yana narkewa da magani in an zo da wuri.

Kada kuma ku fita nan kuna tsoron kowane ƙullutu. Mafi yawan ƙarin ƙashi na yara ba daji ba ne. Akwai wanda ke tsirowa kamar ɗan ƙaho da hular guringuntsi, ba ciwo, yana tsayawa in yaro ya gama girma. Mutanen Tibirin Maradi kuma sun san wani abu dabam, yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe haƙoransu suka yi ja saboda yawan sinadarin fuluwor a ruwan sha. Duka ciwon ƙashi ne, kowane da maganinsa.

To yaya ake raba su? Da abu uku, kamar duwatsun murhu: labarin maras lafiya, da hoton radiyo, da madubi. In ɗaya ya fita tukunya ta kife. Ina so sarakunan ɗori su ji wannan, don zai ba su mamaki. Sabon ƙashin da ke fitowa wajen karaya, wannan da kuke lalubawa da yatsa ku ce ɗori ya kama, in aka yanko shi a mako na biyu ko na uku aka ɗora mini a madubi ba tare da an gaya mini karaya ce ba, yana iya yi mini kama da osteyosarkom. Ƙwayoyin suna hayayyafa da sauri, suna zuba ɗanyen ƙashi, duk alamun suna nan. Likitocin duniya sun san wannan tarkon, an kuma taɓa yanke ƙafafu a kansa. Shi ya sa in kwalba ta zo mini ba shekaru, ba wurin da aka ciro, ba radiyo, ba na sa hannu sai na buga waya na tambaya.

Bari in kai ku cikin labo ku ga abin da ke cin lokaci, don ana yawan zarginmu da jinkiri. Nama yana isowa cikin formol, ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa, sai ya kwana aƙalla ɗaya ya kama jikinsa. Ƙashi kuwa wuƙarmu ba ta yanka shi, sai an cire masa ƙarfinsa, wato sinadarin kalsiyom. Muna jiƙa shi cikin ruwan asid, kullum ana dubawa, har ya yi laushi kamar ganda. Asid mai ƙarfi yana gamawa cikin kwanaki kaɗan, amma in ya wuce lokaci sai ya cinye fuskar ƙwayoyin, ka duba ka ga fayau ba abin karantawa. Akwai wani ruwa mai sauƙi, EDTA, da ba ya ɓata komai, sai dai yana iya ɗaukar makonni. Bayan nan a tsame ruwan jikinsa da alkol, a zuba shi cikin narkakken kaki irin na buji, ya daskare. Sannan a ɗora a injin yanka, a fitar da yanki mai kaurin mikron 3 zuwa 5, ya fi silin gashi siranta sau goma da ɗoriya. In ka ga ma'aikaci na ɗauko yankin nan da ɗan buroshi, yana riƙe numfashinsa don kada iskar bakinsa ta naɗe shi, ya shimfiɗa shi kan ruwan ɗumi ya miƙe, za ka san aikin hannu ne kamar na maƙerin farfaru. A rina shi da launi biyu, shuɗi da ja-ja, sannan ya zo gabana. Duk wannan, in ƙashi ne, mako biyu ba jinkiri ba ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wanda ya lalace tun kafin ya iso. An taɓa aiko mini da guntun ƙashin wata yarinya cikin ruwan ƙarin ruwa, a kwalbar da ba suna, ya yi kwana huɗu a hanya cikin watan Afrilu. Da na buɗe, wari ne ya tarbe ni. An sa yarinyar nan barci, an tsaga ta, iyayenta sun sayar da abin da suka sayar, kuma sai an sake. Abokan aiki, don Allah: formol mai kashi 10 cikin 100, yawansa ya ninka naman sau goma, kwalba mai faɗin baki, a rufe gam, a rubuta suna da shekaru a jikin kwalbar, ba a marfi ba. Kada a sa a firiza. A ɗauki hoton radiyon a turo ta WhatsApp. Tsakanin Tawa da Yamai ya fi kilomita 500, amma naman da ke cikin formol ba ruwansa da nisa. In kuma kuna zargin daji ne, ya fi kyau ku tura yaron da kansa, domin hanyar da aka bi aka ɗebo naman dole a yanke ta tare da kumburin a ranar babban aikin tiyata, kuma tsagar da aka yi a wurin da bai dace ba tana iya jawo asarar ƙafar da da za a iya ceto.

Me ya sa nake ta nanata sauri? Kafin shekarun 1970, ko a Turai da Amurka, yanke ƙafa kawai ake yi wa mai osteyosarkom, kuma cikin yara 10 da ƙyar 2 ke rayuwa, saboda ciwon ya riga ya aika 'ya'yansa huhu tun ba a ganinsu. Da aka haɗa da maganin daji na ƙarin ruwa kafin aiki da bayansa, sai aka koma 6 zuwa 7 cikin 10, ga waɗanda ciwon bai bazu ba kuma suka samu cikakken magani. A can yawanci ma ba a yanke ƙafar. Mu ba mu kai nan ba tukuna, kuma kuɗin magani yana da nauyi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, kuma tun 2021 tana da injin gashi, wato na ƙona ciwon daji da haske mai ƙarfi. Gashin yana aiki sosai a kan Ewing, yana kuma rage azabar dajin da ya sauka a ƙashi, amma osteyosarkom ba ya jinsa sosai. Kun ga ko zaɓen maganin ma sai da suna.

Daga nan wani dattijo maɗori ya tashi ya ce: "Likita, ni shekara arba'in ina ɗori, na gada wajen mahaifina. Wanne zan riƙe, wanne zan turo muku?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayar da na zo dominta ke nan, kuma hannunku ya san abin da nawa bai sani ba. Kun fi ni sanin yadda targaɗe ke yi: kullum sauƙi yake ƙaruwa, mako biyu zuwa uku ya wuce. Wanda kullum gaba yake yi, wanda ke tada yaro daga barci, wanda kumburinsa ke da tauri yana ƙaruwa kusa da gwiwa ko kafaɗa, wanda ƙashi ya karye ba wani bugu na kirki, waɗannan, Baba, kada a ja, kada a murza, kada a bar wanzami ya taɓa. Ku ce wa uban yaron a yi radiyo tukuna. In ku kuka faɗa zai tafi a ranar, in ni na faɗa sai ya yi shawara. Radiyon ana yinsa a nan Tawa, ba sai an je Yamai ba. In hoton ya fito ƙashi lafiya lau, ga ɗanku nan ya dawo hannunku.

Dattijon ya ce akwai wani yaro a hannunsa yanzu haka, wata biyu ke nan gwiwar ba ta sauka ba. Likitan ya ce a kawo shi gobe da safe kafin ya koma Yamai, ya roƙi majo ya rubuta masa takardar radiyo tun yau.